Rasuwar Adaka, Ma'ajiyar Gidanmu ta Intanet

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da ni na jawo wa kaina da hannuna, nake sanar da 'yan'uwa, da maƙwabta, da duk telolin da ke kawo mini gyaran keke, rasuwar ma'ajiyar gidanmu ta intanet, wadda muke kira Adaka. Ta rasu tana da shekara bakwai. Ba mu san ranar da ta cika ba. Mun dai je nemanta ranar Talatar makon jiya da hantsi muka iske babu ita, kuma ga dukkan alamu ta kai wata biyu da mutuwa muna zaune muna cin abinci ba mu sani ba.

Ba zan ce Allah ya jiƙanta ba. Ba ta da rai, kuma ni ba na wasa da addu'a. Wanda ya ga sanarwar nan dariya ta zo masa, ya yi abarsa. Amma ya sani cewa a cikin Adaka muryar matata take, wadda ta riga mu gidan gaskiya shekara biyu da wata uku da suka wuce, kuma a gidanmu babu wani wurin da muryar take sai can.

Ga wanda bai san irin marigayiyar ba, wuri ne da wani kamfani ke ba ka a intanet. Ka zuba hotunanka da takardunka da duk abin da ka ɗauka da waya, ka rufe da kalmar sirri, ka buɗe daga kowace waya a duk inda kake. In kana so wani ya ga abu, sai ka tura masa mahaɗi ya danna ya gani, ba sai ka ba shi wayarka ba.

'Yata ce ta buɗe mana ita, lokacin tana karatun aikin jinya. Dalili kuwa, wayata ta zame daga aljihun riga ta faɗa cikin kwanon kananzir da nake wanke ƙarafan keke, ta tafi da duk abin da ke cikinta. Ni na ƙi tun farko. Na ce abin da hannunka ba ya taɓawa ba naka ba ne. Matata, wadda tela ce, tana kan kekenta, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Ai wayar hannunka na taɓa ta, ga ta can cikin kananzir." Daga nan na yarda aka buɗe. Ita ce kuma ta raɗa mata suna, don ta ce ta tuna mata da adakar mahaifiyarta, wadda komai ka nema a gida can za ka same shi.

Ina shaida a gaban kowa cewa marigayiya mai amana ce. Shekara biyar muna ɗora mata kaya, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Ba ta taɓa canza wa abu wuri ba. Ba ta taɓa kai maganar gidanmu waje ba, abin da ba zan iya faɗa a kan wasu dangin da ke da rai ba. Ta riƙe takardun makarantar yara. Ta riƙe lasin ɗana, wanda muke kira Direba, har ta fitar da shi kunya sau biyu da ya yar da na hannunsa. Ta riƙe hotunan ɗinkin matata, samfuri samfuri, yadda in mace ta yi waya tana cewa ba ta san irin wuyan da take so ba, sai a tura mata mahaɗi ta zaɓa daga ɗakinta, ba sai ta zo ta cika mana shago da surutu ba. Ni ma da na ƙi ta, ni na fi kowa ɗora mata nauyi. Ban yi makaranta mai nisa ba. Aikina da ɗan Turancin da nake ji, daga tsofaffin littattafan kekuna na koye su, ina bin hoto ina haɗa harafi. Littattafan sun fara rugurgujewa, sai na ɗauki hotonsu shafi shafi na ba ta. Ta karɓa duka.

Tana da nata aibin, ba zan ɓoye ba don ta mutu. In sabis ya yi rauni takan tsaya tana juya wani ɗan zobe a fuskar waya, ta yi ta juyawa har mutum ya manta abin da ya zo nema. Kuma ba ta da magana. Sauti ɗaya kawai muka san ta da shi: in kaya sun gama shiga, sai ta ce tilin. Shi ke nan. Matata kan amsa mata daga kan keke, "Madalla, 'yar albarka." Na sha yi mata faɗa cewa babba ba ya hira da waya. Takan ce ai ita 'yar albarkar tana amsawa in an ba ta aiki, ba kamar wasu ba.

Yanzu zan faɗi abin da ya sa wannan mutuwa ta fi ƙarfina.

A kwanakin ƙarshe na matata a asibiti, wata rana bayan azahar ta ce duk mu fita. Ta riƙe wayarta ita kaɗai. Mun zauna a kan bencin baranda fiye da awa ɗaya. Da ta kira mu, ta miƙa wa 'yata wayar, ta ce ta zuba abu uku cikin Adaka ba tare da ta saurara ba, ta kuma faɗa mata sunan da za ta sa wa kowane. Na farko na 'yata ne, wadda muke kira Yaya: "Na Yaya, ranar da ta haihu." Na biyu, "Na Direba, ranar da ya yi hankali." Har a gadon ciwo sai da ta sa muka yi dariya. Na uku, "Na Baban yara." Nawa ba ta sa masa rana ba. Na leƙa ta kafaɗar 'yata na ga tsawonsa, minti goma sha ɗaya da daƙiƙa arba'in. Adaka ta ce tilin sau uku. Matata ba ta da ƙarfin amsawa, ta dai ɗaga yatsa.

Bayan kwana shida ta rasu.

Ana cikin makon farko na shiga ɗaki na iske 'yata da Direba sun haɗa kai a kan waya, suna kallon wani bidiyo da uwarsu ke auna wata amarya tana tsokanarta, su kuma suna kuka kamar ƙananan yara. Raina ya ɓaci. Na ce wannan rashin haƙuri ne. Na ce wanda ya tafi addu'a yake buƙata, ba a zauna ana kunna shi kamar rediyo ba. Na karɓi wayar na canza kalmar sirrin Adaka, na rubuta sabuwar a takarda, na sa a aljihun keken matata na kulle. Na ce ba mai ƙara buɗewa sai ranar da uwarsu ta ambata ta zo.

Ban tsaya nan ba. Na sa su goge duk abin nata da ke cikin wayoyinsu a gabana, na goge nawa. Direba ya ce, "Haba Baba, a bar mana ko ɗaya mana." Na ce masa, "Komai na cikin Adaka. Ina za ta je?" Wayar matata kuwa na sa aka share abin da ke cikinta tas na ba wata maƙwabciya mai sayar da sabulu da ba ta da waya, don na ce barin kayan mamaci a ajiye ba amfani almubazzaranci ne. 'Ya'yana sun yi biyayya. Haka na tarbiyyantar da su, kuma ina alfahari da hakan a lokacin.

Daga wannan ranar ciwon marigayiya ya fara. Ciwon ba wani ba ne illa rashin a leƙa ta. Ashe a ƙa'idar kamfanin, ma'ajiyar da ta shekara biyu ba a shiga ba, ana ɗauka mai ita ya bar ta, sai a share. Wannan yana rubuce tun ranar farko, a cikin dogon rubutun nan da kowa ke danna ya yarda ba tare da ya karanta ba.

Shekara talatin ke nan ina gyaran keken ɗinki. Babu telan da ya taɓa karɓar keke a hannuna ban gaya masa ba: kada ka ajiye shi ka lulluɓe da zane kana cewa kana tattalinsa. Ka taka shi ko sau ɗaya a mako, ka ɗiga masa mai. Keken da ake wahalarwa ina iya gyara shi, amma wanda aka ajiye har tsatsa ta kama cikinsa, sau da yawa sai dai a cire kayansa. Na faɗi wannan ya fi sau dubu. Ni ne kuma na lulluɓe Adaka na koma na zauna.

Ba ta mutu shiru ba. Ta nemi taimako har sau uku, kuma ni ta nema, domin da na canza kalmar sirri na mayar da komai kan adireshina na imel. Saƙo ya shigo cewa in ba a shiga ma'ajiyar ba za a rufe ta a share abin da ke ciki. Na karanta, na kuma gane. Ba zan fake da rashin Turanci ba.

Sai dai ni ne mutumin da ya manna takarda a bangon shagonsa, da babban rubutu: duk saƙon da ya ce za a rufe maka wani abu in ba ka danna ba, na mayaudara ne. Na rubuta ta ne bayan an yaudari wani tela abokin cinikina ta irin wannan hanyar, kuma na yi wa mutane wa'azi a kai har sun gaji da ni. Saboda haka na goge na farko. Bayan wata biyu na goge na biyu. Na uku ya zo ina tare da teloli huɗu a shago, sai na ga dama ta samu ta koyarwa. Na ɗaga wayar na zagaya da ita, kowa ya gani. Na ce, "Kun ga irinsu? Har da sa rana, don ka firgita." Na goge shi a gabansu. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Kai Mai Keke, kai dai ba a yi maka wayo." Na ji daɗin maganar. Na yi kwanaki ina jin daɗinta.

Abin da ake buƙata a wurina bai kai aikin zura zare a allura ba. Ba sai na danna komai a cikin saƙon ba. In buɗe aljihun keke, in ɗauko takarda, in shiga, in fito. Ko in kira 'yata in ce ga abin da aka turo, me kika gani? Ban tambaye ta ba, domin ni ne mai koya wa mutane.

Ranar Talatar da na ambata, waya ta shigo daga asibiti. Muryar 'yata ce, a gajiye. Ta ce, "Baba, na sauka lafiya, mace ce." Kafin in gama hamdala ta ce, "Baba, a ba ni kalmar." Shekara biyu da wata uku ba ta taɓa tambaya ba, ko sau ɗaya. Tana ƙirga ranarta.

Na rufe shago, na buɗe aljihun keke, na kai mata takardar da kaina. Tana kwance, jaririyar na gefenta cikin farin zane. Ta rubuta kalmar, waya ta ce babu wannan ma'ajiya. Ta yi murmushi ta ce ƙila kuskure ta yi. Ta sake. Ta miƙa wa mijinta, shi ma ya gwada, ya cire tabarau ya goge ya sake gwadawa. Ina tsaye a ƙarshen gado sai saƙonnin nan uku suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya, har da ranar da aka sa. Na ce su daina. Na gaya musu abin da na yi, ban rage komai ba.

Da ta yi mini ihu da na samu sauƙi. Ta kalli silin, ta ce, "Ba komai, Baba. Zo ka ɗauki jikarka." Na ɗauka. Ita kuma ta juya fuskarta bango. Har yau tana kirana kullum da safe ta gaishe ni, ta tambayi ƙafata, kuma ba ta ƙara tayar da maganar ba. Direba ne ya yi magana da ya ji. Bai ɗaga murya ba shi ma. Ya ce, "Ni fa Baba, duk abin nan da ka ga na daina, don in ji nawa ne."

An yi iya ƙoƙarin ceto ta. Mijin 'yata ya rubuta wa kamfanin, suka amsa cikin ladabi cewa abin da aka share ya tafi. Ban ga laifinsu ba, kuma kada wanda ya zo ya zage su a gabana don ya faranta mini. Sun yi gargaɗi sau uku. Na je wurin mai sabulu na aro tsohuwar wayar na kai wa mai gyaran waya. Ya kwana biyu a kanta, ya ce an yi shekara biyu ana rubutu a kan wurin, babu abin da ya saura sai hotunan sabulu.

Marigayiya ta rasu ta bar takarda ɗaya mai ɗauke da kalmar sirrin da ba ta buɗe komai. Ta bar mahaɗai masu yawa a wayoyin matan da matata ta yi wa ɗinki, waɗanda in an danna yanzu farin shafi kawai ke fitowa. Ta bar hoto ɗaya a bangon falo, na ranar da 'yata ta gama makaranta, inda matata ta rufe baki don mai hoto ya ce a nutsu. Ta bar mai jego da aka yi wa alkawari, da Direba, da jaririya 'yar kwana goma. Ta bar ni.

Akwai abin da ban gaya wa 'ya'yana ba, gara su karanta shi a nan tare da kowa. Ba don haƙuri na kulle Adaka ba. Tsoro ne. Minti goma sha ɗaya da daƙiƙa arba'in, ban san abin da ta faɗa a ciki ba, kuma na san halina. Shekara ashirin da takwas ta zauna da mutum mai gyara wa kowa zama, wanda bai iya cewa sannu da aiki ba sai ya haɗa da wani gyara. In ta yi mini faɗa a ciki, na cancanta. In kuma ta yafe mini ne, na san ba zan iya riƙe kaina ba, kuma ban so yara su ga haka. Nawa ba shi da rana, ina iya buɗe shi kowace safiya. Sai na ɗauki tsorona na sa masa sunan haƙuri, na ɗora wa yara su ma su ɗauka. Yanzu ina tuna maganganunta kalma kalma, amma in na nemi yadda sautin yake sai in ji muryata ce ke faɗa.

Ga masu irin wannan ma'ajiya, nasihata gajeriya ce, kuma ku karɓa ko da daga bakin wanda bai bi ta ba. Ku shiga ku duba ta yau. Abin da kuke ƙauna ku ajiye shi wuri uku, ɗaya a hannunku. Kalmar sirrin gida kada ta zauna wurin mutum ɗaya, ko da shi ne babba. In an bar muku saƙo, ku saurara.

Shekaranjiya ƙanwar matata ta zo gaisuwa, ta tuna mini abin da ban yi tunani ba. Matata ba ta son rubutu a waya. Duk wadda ta gama wa ɗinki, saƙon murya take tura mata. Muka fara kiran mata. Yawancinsu sun canza waya. Wata malamar makaranta ta ce a ba ta lokaci, ta tono tsohuwar wayarta daga ƙasan akwati, ta sa caji, ta samo ɗaya. Daƙiƙa tara ne. Ta kawo shago da kanta ta kunna mini. Matata ta ce, "Malama, kayanki sun yi tun jiya, ki zo ki gwada. In ya matse kada ki ce ni ce, ke kika ƙara." Sai ta yi 'yar dariya. A bayan muryar ana jin kekenta na tafiya, kuma bel ɗinsa ya saki. Ta yi mako tana gaya mini in ɗaure shi a lokacin. Na roƙi malamar ta sake kunnawa, ta sake, sannan na shiga bayan shago na daɗe.

Jana'iza babu, domin babu gawa. Abin da za a yi shi ne zama, ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe goma na safe, a shagona. Zan kwashe kekunan gyara zuwa bango don a samu wuri. Takardar da ke manne a bangon zan cire ta kafin a zo.

Kada a kawo abinci, kada a kawo komai na gaisuwa. Waya nake roƙo. Duk macen da matata ta taɓa yi wa ɗinki, duk 'yar'uwa, duk maƙwabciya, ta duba akwati da ƙasan gado da aljihun mijinta, ta kawo tsohuwar wayarta, ko ta fashe, ko ta daina kamawa. Mijin 'yata zai zo da caja iri iri, mai gyaran waya ma ya ce zai zauna da mu. In saƙon da ke wurinki na faɗa ne, ki kawo, kada ki ji nauyi, mun san bakinta. In gaisuwa ce kawai ta daƙiƙa biyu, ki kawo. In tari ne ta yi a bayan bidiyon wani, a kawo. Duk abin da aka samu za a ba 'yata da Direba kowa nasa a hannu, ni ne na ƙarshe.

Masu zuwa don su ce mini haka Allah ya ƙaddara, na sani, na kuma yarda. Amma yatsana ne ya goge, a bar ni da wannan.

An yarda a yi kuka. Ba wanda zai yi wa kowa wa'azi.

'Yata ta ce za ta zo da jaririyar. A bar mata kujerar uwarta, ita za a fara kunna wa. Nata saƙon da aka yi mata alkawari minti goma sha tara ne, abin da nake da shi zuwa yau daƙiƙa tara. Ba a sa lokacin tashi ba. Za a yi ta kunnawa har sai ta ce ya isa.

Sanarwa daga mai gyaran keken ɗinki, mijin marigayiya tela, a madadin kansa shi kaɗai, domin sauran iyalin ba su da hannu a ciki.